AMSOSHIN WASIƘUNKU: Caca Yaron Ke Koyo A Zariya, Ko Karatu?

Wannan mako wasiƙu biyu na haɗa wuri guda, domin ko da yake masu su ba su san juna ba, amsar ɗaya tana cikin cikin ɗayar.

Ta farko daga wani dattijo ce, manomin rake a Hunƙuyi, ƙaramar hukumar Kudan. Ya ce ɗansa yana digiri na biyu a fannin fiziks a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Yaron ya zo gida ya ce a saya masa kwamfuta, wai zai koyi wani lissafi da ake kira Monte Carlo, na gano kaurin bangon da ke tare tururin nukiliya. To sai wani maƙwabcinsa da ya ɗan zaga duniya ya ce masa ai Monte Carlo sunan gidan caca ne a Turai. Dattijo ya ce shi dai ba zai sare rakensa ya ba da kuɗin a koyi caca ba, a gaya masa gaskiya. Ta biyu kuwa daga wata Hajiya ce mai shagon kayan masarufi a Ikara. An buɗe wurin ɗaukar hoton ƙirji da ƙashi, wato eksire, a jikin shagonta, bango ɗaya ya raba su, kuma a jikin bangon nan take jingine tun safe har magariba, ga jikoki suna wasa. Tana tambaya ko abin zai cuce su, ko zai ɓata mata kayan sayarwa.

To, Baba, bari mu fara da kai. Maƙwabcinka bai yi ƙarya ba, amma rabin labari ya ba ka. Monte Carlo unguwa ce a 'yar ƙaramar ƙasar Monako, a bakin teku kusa da Faransa, kuma gidan cacarta ya yi suna a duniya. Yadda sunan ya faɗo cikin ilmi shi ne, a 1946 wani masanin lissafi ɗan asalin ƙasar Folan da ke aiki a Amurka, Stanislaw Ulam, yana jinya, yana ɗebe kewa da karta irin wadda mutum ke yi shi kaɗai. Sai ya so ya san sau nawa wasan ke fita daidai. Ya gwada lissafin a takarda abin ya tuƙe. Sai ya ce, me zai hana in buga sau ɗari kawai, in ƙirga sau nawa ya fita? Nan take ya lura cewa da wannan dabara za a iya bin sawun ƙwayoyin nukiliya. Ya gaya wa abokinsa John von Neumann, wani abokin aikinsu kuma, Nicholas Metropolis, ya laƙaba wa dabarar suna Monte Carlo, don tsokanar Ulam da wani kawunsa da ke cin bashi ya tafi can caca. A 1948 aka fara gwada ta a kan wata kwamfuta mai suna ENIAC, wadda girmanta ya cika ɗaki. Ba zan ɓoye maka ba, su a lokacin makaman ƙare-dangi suke ƙerawa. Amma yau wuƙar ta shiga hannun masu asibiti da masu bincike. Ba a sa kuɗi, ba mai ci, ba wanda ake ci. Suna ne kawai ya bi ta.

Kafin in faɗi abin da yaron zai riƙa yi, sai mun san mene ne wannan tururi. Mun ce tururi ne don rashin wata kalma, amma ba irin na tukunya ba ne. Ba a ganinsa, ba a jin warinsa, ba shi da zafi a fata. Wani irinsa haske ne mai ƙarfi da ke ratsa nama, kamar eksire da wani Bajamushe mai suna Rontgen ya gano a 1895, da ɗan'uwansa gamma wanda ya fi shi ƙarfi. Wani irin kuwa 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi ne da ke fitowa daga cikin ƙwayar zarra, kamar wadda ake kira niyutiron. Kuma kada kowa ya firgita, dukkanmu a cikinsa muke tun ran da aka haife mu, yana fitowa daga ƙasa da duwatsu da sama. Ma'auninsa ana ce masa milisibat, kuma a matsakaici mutum yana samun wajen 2.4 a shekara daga halittar Allah kawai. Ƙa'idar duniya ita ce kada aikin wani ya ƙara wa mutumin gari fiye da 1 a shekara a kan wannan, ma'aikacin wurin kuwa kada ya wuce 20. Duk lissafin bango a kan waɗannan lambobi biyu yake tafiya.

Yanzu, Baba, ka ɗauka ka tsaya a bakin gonarka ta rake da danƙo a hannu, kana harba tsakuwa ciki. Wata tsakuwar a karan farko za ta tsaya. Wata ta gogi kara ta karkace, ta sake gogar wani, ƙarfinta ya ragu, ta faɗi a tsakiya. Wata ta bugi kara ta dawo ta kusa fasa maka goshi. Can ba a rasa ba, ɗaya ta sami rata ta ɓulla ta wancan gefen. Babu malamin da zai iya gaya maka inda tsakuwa guda za ta ƙare. Amma in ka harba dubu ka ƙirga, za ka iya cewa gona mai kunya 20 tsakuwa kaza ke ƙetare ta, mai kunya 40 kuwa kaza.

Haka ƙwayar tururi take yi a cikin bango. Masana sun daɗe da auna, a kowane irin abu, ko dalma ko kankare ko ruwa, yawan yiwuwar ƙwaya ta tsaya, ko ta karkace, ko ta wuce. Sai a zuba wa kwamfuta waɗannan awo. Ita kuma ta saki ƙwaya ɗaya ta ƙarya, ta jefa ƙuri'a: nisan nawa za ta yi kafin ta yi karo? Ta sake jefawa: da ta yi karon, ta mutu ko ta karkace? Ina ta nufa? Haka har ƙwayar ta mutu ko ta fita. Sa'an nan ta saki ta biyu. Ta yi haka sau miliyan, ko miliyan dubu, ta ƙirga nawa suka isa inda mutum ke zaune. Wannan jefa ƙuri'a shi ne duk “cacar” da ake magana. Amfaninsa a fili yake: ba za ka gina bango ka zaunar da mutum a bayansa shekara goma don ka ga ko zai kamu da ciwon daji ba. Gara a kashe ƙwayoyin ƙarya a cikin kwamfuta tun ba a sayi siminti ba.

Wani zai ce, to ba a iya yi da alƙalami? Ana iyawa, in abin miƙaƙƙe ne. Akwai ƙa'idar rabi. Ɗauki kobal-60, wani sinadari da aka daɗe ana gashin ciwon daji da shi. Dalma mai kaurin santimita 1.2, ko kankare mai kaurin wajen santimita 6, yana rage tururinsa da rabi. Ƙara wani 6, ya koma kwata. Mu da muka koyar a firamare mun san wannan wasa da yara: 1,000 ya koma 500, ya koma 250, ya koma 125, kafin ka raba sau goma saura kusan 1. Ke nan kankare santimita 60 ya rage shi kashi dubu. Shi ya sa ɗakunan gashi, irin na asibitin koyarwa da ke Shika, bangonsu kan haura mita guda.

Amma ɗaki ba bango ba ne kawai. Yana da ƙofa, yana da rufi, yana da ramin da waya da bututu suka bi, kuma mun ce tsakuwa tana karkacewa. Duk wanda ya taɓa raka majinyaci ɗakin gashi ya ga ba a shiga kai tsaye, sai an bi wani lungu mai lanƙwasa. Dabarar kakanninmu ce ta zaure da shigifa, inda na waje ba ya hango tsakar gida. Tururin ba ya shan kwana sai ya bugi bango, kuma kowane bugu yana rage masa ƙarfi. To nawa ne zai yi bugu biyu ko uku ya iso bakin ƙofa inda ma'aikaciya ke tsaye kullum? Nan alƙalami ke gajiya, nan ake kiran Monte Carlo.

Ga kuma wani abin mamaki. Dalmar nan da ke tare gamma, ba ta da wani kataɓus a gaban niyutiron. Shi ruwa ne maganinsa, da kaki, da roba, da kankare saboda ruwan da ke cikinsa. Wanda bai san wannan ba sai ya kashe dukiya a kan dalma, ya zauna yana ganin ya tsira.

Kuma Baba, kada ka ɗauka karatun na Turai ne kawai. A nan Zariya, a Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, akwai tukunyar nukiliya, ita ce ta farko a Nijeriya, ana kiranta NIRR-1. Ƙirar ƙasar Sin ce, ta fara aiki ran 3 ga Fabrairu 2004. Ba ta ba da wutar lantarki, ƙarfin da aka kafa ta da shi kilowat 30 ne, kamar a kunna dutsen guga 30 lokaci guda. Aikinta shi ne a sa mata ɗan samfurin ƙasar noma, ko taki, ko dutse, ko hatsi, a gano sinadaran da ke ciki. Zuciyarta ba ta fi ɗan bokiti ba, tana can ƙarƙashin ruwa mai zurfin fiye da mita 4, ruwan nan shi ne garkuwar ma'aikata. Da farko makamashinta yuraniyam ne da aka tace har kashi 90 cikin 100, irin wanda duniya ke tsoron ya faɗa hannun ɓata-gari. Aka yi shawarar a canza shi da mai kashi 13. To amma wa zai zuba sabon makamashi a tukunyar nukiliya don ya gwada ya gani? Sai da malaman cibiyar, irin su Farfesa Sunday Jonah, tare da masana na ɗakin bincike na Argonne a Amurka, suka gina tukunyar sukutum a cikin kwamfuta da wani tsari mai suna MCNP, suka yi shekaru suna gwadawa. A 2018 aka yi canjin, a watan Disamba aka mayar da tsohon makamashin ƙasar Sin. Gana ta yi irin wannan da tata tukunyar a 2017. Wannan shi ne gidan da ɗanka ke neman shiga.

Yaya ake koyonsa? Abu huɗu ɗalibi zai gaya wa kwamfuta. Siffar wurin, tsawo da faɗi da kauri. Abin da aka yi kowane sashe da shi, da nauyinsa, domin in ka cika gwangwani da kankare ya ninka na ruwa nauyi sau 2.3, dalma kuwa sau 11.3. Sai inda tururin ke fitowa da ƙarfinsa. Sai inda ake so a ƙirga. Mai hankali ba ya farawa da ɗakin asibiti. Yana farawa da falle ɗaya na dalma, wanda amsarsa tana cikin littafi, ya ga ko kwamfuta za ta ba shi abin da aka riga aka sani. Sai ta ba shi daidai sa'an nan ya ƙara ƙofa, ya ƙara lungu. A nan ne sababbi ke tuntuɓe. Wani ya rubuta mita inda tsarin ke jiran santimita. Wani ya bar rata tsakanin bango biyu a zanensa, ƙwayoyi su yi ta ɓacewa. Wani ya manta cewa amsar da aka ba shi ta ƙwaya ɗaya ce, sai ya ninka ta da yawan abin da injin ke fitarwa.

Babban darasin kuwa, 'yan kasuwar hatsi na Maƙarfi sun riga ɗaliban saninsa. In za ka sayi buhun wake, ka soka ƙarfe sau ɗaya ka ga ƙwaya goma masu kyau, ba ka ce buhun ba ƙwaro. Sai ka soka sama, ka soka ƙasa, ka soka tsakiya. Haka nan, in ƙwayoyi 100 ne suka iso wurin ƙirga, kuskuren amsar zai kai wajen kashi 10 cikin 100. In kana so ya ragu zuwa 5, ba 200 za ka nema ba, sai 400. In 1 kake so, sai 10,000. Ga shi kuma in bango ya yi kauri, cikin miliyan da ƙyar ɗaya ke fita. Shi ya sa za ka ga yaron ya kunna kwamfuta ya bar ta tana aiki har gari ya waye. Ba wasa yake yi ba, kuma in wuta ta ɗauke ka ji yana salati, ka yi masa uzuri.

Batun kuɗi. Shi MCNP na ɗakin bincike na Los Alamos ne a Amurka, sai da izini ake samunsa, ta hannun makaranta ya kamata ya nema, kada ya karɓi na sata a hannun aboki. Amma akwai na kyauta, kamar Geant4 na cibiyar CERN da ke Jeniba, da OpenMC, kowa na iya saukewa daga intanet. Kwamfuta ta hannu mai matsakaicin ƙarfi ta isa koyo, ba sai mai tsadar gaske ba. A ganina ka saya masa, amma ka sa ya kawo maka bayanin irin wadda malaminsa ya ce ta dace. Aiki kuwa, ba zan yi maka daɗin baki ba, ƙofofinsa ba su da yawa: asibitocin gashin daji, hukumar sa ido kan nukiliya, kamfanonin mai da ke duba rijiyoyi da bututu da irin wannan tururi, wurin haska kayan abinci da gamma a Sheda kusa da Abuja, sai koyarwa. Sai dai masu hannu a kansa ma ba su da yawa, kuma wanda ya iya wannan ya iya lissafi da kwamfuta, ba zai rasa inda zai dafa ba.

To, Hajiya, ranki ya daɗe, ga taki amsar. Da farko ki kwantar da hankalinki game da kaya. Injin eksire kamar tocila yake, sai an danna yake haske, kuma dannawar ba ta kai daƙiƙa guda ba. Da an saki, ya ɗauke, ba ya barin komai a jikin shinkafa ko sukari ko sabulu. Hoton ƙirji ɗaya ma, wanda aka yi wa, abin da ya samu bai wuce 0.1 ba a ma'aunin nan. Matsalar ita ce shi mai hoto sau ɗaya ya zo ya tafi, ke kuwa kina nan kullum, shekara da shekaru. Don haka tambayarki tana kan hanya.

Eksire bai kai gamma ƙarfi ba, ba ya bukatar bango mai mita. A wurare da yawa abin da ake nema shi ne dalma mai kaurin wajen milimita 2, ko tubali cikakke mai kaurin inci 9. Ki riƙe kalmar nan, cikakke. Bulon da muke gini da shi inci 9 ne a ido, amma cikinsa rami ne, in an cire ramin abin da ya rage kaɗan ne, balle wanda aka ƙwange wa siminti. In injiniya ya gaya wa kwamfuta bangon kankare ne zalla, alhali magini holoƙon bulo ya jera, kwamfuta za ta ce lafiya lau, ga takarda mai kyau da sa hannu, tururi kuwa yana wucewa abinsa. Ita ba ta taɓa zuwa Ikara ba, abin da aka gaya mata shi ta sani. Shi ya sa duk lissafin da ba a biyo shi da awo ba, ban yarda da shi ba.

Ga abin da za ki yi, cikin lumana, ba da faɗa ba, domin maƙwabta ne kuma wurin yana da amfani ga gari. Ki sa babban ɗanki ko wani dattijo ya tambaye su lasisinsu na Hukumar Sa Ido Kan Harkokin Nukiliya ta Nijeriya, NNRA, wadda aka yi dokarta a 1995 ta fara aiki a 2001. Duk mai injin eksire doka ta ce ya mallake shi. A tambaye su ko an cika ramin bulon, ko an shimfiɗa dalma, ko an yi yaɓe da garin dutsen nan mai nauyi, barait, wanda ake haƙowa a Azara ta jihar Nasarawa. A duba ina ake tsayar da masu hoton ƙirji, domin bangon da ke bayansu shi ke shan bugu kai tsaye, bai kamata ya zama naki ba sai an ƙara masa kauri. Sa'an nan ki nemi a zo da na'urar awo ta ɓangarenki, a kunna injin, a auna a gabanki, har da wajen taga in akwai. Kafin a yi wannan, ki janye kujerarki da tabarmar yara daga jikin bangon. Nisa kansa garkuwa ne, in kin ninka tazararki da injin sau biyu, abin da ke iso ki ya koma kwata.

Tun da muna kan batun dalma, ina da saƙo ga 'yan'uwanmu 'yan gwangwan da ke zaga Ikara da Maƙarfi da Kudan suna kai kaya Kano da Zariya. Shi kobal da ire-irensa ba kamar injin eksire ba ne, ba su da makunni, dare da rana suna fitarwa, tulun dalmar da aka rufe su a ciki shi kaɗai ne tsakaninsu da mutane. A watan Satumba 1987, a birnin Goyaniya na ƙasar Birazil, wasu masu tsintar ƙarfe sun ɗauko irin wannan tulu daga wani asibitin gashi da aka yi watsi da shi, suka fasa, suka sayar wa mai gwangwan. A ciki akwai wani gari mai ƙyalli shuɗi, siziyam-137, ya burge su, aka rarraba wa dangi. Mutum 4 suka rasu, har da yarinya 'yar shekara 6, aka gwada mutum wajen 112,000, aka rushe gidaje. Don haka in ka ga wani ƙarfe ƙarami mai nauyin da ya fi ƙarfin girmansa, da alama mai fukafukai uku kamar na fanka a kan rawaya, kada ka sa masa guduma, kada ka kai shi gida, kada ka ɗora shi a babur. Ka ja da baya, ka kori yara, ka sanar da 'yan sanda ko asibiti mafi kusa su kira hukuma.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu ɗauki wasiƙun manoman tumatur na Ikara a kan tsutsar nan sharon da magungunan feshi. Baba na Hunƙuyi da Hajiya ta Ikara, muna jiran ku rubuto mana yadda aka ƙare. A huta lafiya.